Ƙofar da Dogo Ya Sa wa Ɗakin Kwaɓi

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'yan'uwa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan da kika ce ya hana ki sunkuyo, Ya sa kuma sanyin wurinku bai kama ƙirjin Auta kamar bara ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. An yi wa Uwargida aikin ido an cire mata yanar nan, kuma an dace. Matsalar kawai ita ce tun da ta fara gani sosai ba mu huta ba. Ta gano ƙurar da ke saman kabad, ta gano labulen falo ya koɗe, ranar nan kuma ta ƙare mini kallo ta ce ashe haka na tsufa ba wanda ya gaya mata. 'Yarmu ta sauka lafiya, an samu mace, mai kama da ke wajen goshi da kuma wajen ƙara. Ni ma ina nan ina lallaɓa gwiwa, wata rana ta yarda da ni, wata rana ta ƙi.

Saƙonki na murya ya iso ta wayar Uwargida, na kuma saurare shi har ƙarshe. Kin ce an gaya miki ɗanki Dogo ya ɗauke ƙafa daga gidana, kin kuma rantse ba za ki ƙara ɗaga wayarsa ba sai ya zo ya durƙusa ya ba kawunsa haƙuri. Na zaɓi in amsa miki a rubuce, domin a waya ba kya barin mutum ya kai aya, ni kuma a 'yan kwanakin nan babu abin da na ƙi yarda da shi kamar bakina. Ki daure ki karanta duka kafin ki yanke hukunci. Wanda ya kawo miki labari rabinsa ya ɗauko, ya bar rabin da ya fi nauyi a nan wurina.

Kin san yadda na rabu da jami'a. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da kimiyyar kayan gini, na rubuta takardun bincike da gara ta fi mutane karantawa. Da na yi ritaya suka ba ni agogon bango, bai rufa shekara ba ya tsaya, ofishina kuma suka mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru. Na daɗe ina faɗa cewa jami'a da mutanen gari maƙwabta ne da doguwar katanga a tsakaninsu. Mu muna ciki muna rubuta wa junanmu, magina suna waje suna gini da ƙiyasi. Da aka buɗe wani sabon ofishi wai na haɗin gwiwa da masu sana'a da kamfanoni, aka sa masa na'urar sanyi da furannin roba, ba wanda ya kai ni yi masa dariya. Na ce furannin ma sun fi aikin alamar rai.

To, ashe ta wannan ofishin ne arzikin ɗanki zai biyo. Gidan bulonsa yana bayan injin casar shinkafa, inda ɓuntu yake taruwa tsibi-tsibi ana rasa yadda za a yi da shi. Tun da ya gama karatu yake fama da tokar ɓuntun nan, yana son ta maye wani kaso na siminti, bulo ya yi araha kuma kada ya rasa ƙarfi. Wata malama matashiya daga tsohon sashenmu, wadda kowa yake kira Dakta, ta ji labari ta je ta gani. Suka ƙulla yarjejeniya ta hannun ofishin: ita ta kawo ɗakin gwaje-gwaje da injin da ke matse bulo har ya fashe a san ƙarfinsa, shi ya kawo fili da dabararsa. Sharaɗi ɗaya aka gindaya musu, cewa kowa ya ja bakinsa ya yi shiru har sai an yi wa dabarar rajista da sunansu, domin abin da ya riga ya fita bainar jama'a ya zama na kowa.

Wata rana da hantsi Dogo ya zo mini da bulo biyu a buhu, ya ajiye a baranda, ya ce in ɗaga in ji. Ya zauna ya zayyana mini komai, tun daga yadda ake ƙona ɓuntun a rufaffen duro har zuwa abin da ake fara zubawa a kwaɓi. Ya gaya mini ne don a can baya, lokacin da tokar ta ƙi kamawa, na taɓa ce masa ya gwada jiƙa ta da ruwan farar ƙasa. Da zai tafi ya ce, Kawu, wannan magana tsakaninmu ce, ko Umma ban faɗa wa ba. Na harare shi na ce shin yaro ya ɗauke ni? Na tuna masa cewa ni na yi shekaru ina ajiye tambayoyin jarrabawa a gidan nan, ko Uwargida ba ta taɓa jin ƙanshinsu ba. Ya yi dariya ya ce ya sani, shi ya sa ya zo. Ki riƙe wannan dariyar, domin ita ce take hana ni sakewa har yau.

Ba a jima ba sai ga Shugaban Sashe da kansa a ƙofar gidana. Ɗalibina ne a da, wanda na raɗa wa suna Sarkin Latti don bai taɓa riga ni shiga aji ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce za a yi babban taro na jami'a da mutanen waje, kuma taro ba zai cika ba sai da muryar dattawa irina. Ya ƙara da cewa sun sa sunana cikin mashawartan ofishin haɗin gwiwa, har an ware mini ɗan ɗaki. Daga baya na ji cewa babban baƙon da suka gayyata ne ya ba da uzuri, aka rasa wanda zai cike gurbi. Amma a ranar, ni da nake zagin ofishin nan safe da yamma, sai na ji ƙirjina ya buɗe kamar an yi wa yaro alkawarin sabon takalmi. Uwargida ta ciro rigata daga ƙasan akwati tana warin kafur, ta goge ta, ta ce Malam, don Allah ka gajarta, mutanen yanzu ba su da haƙurin ɗalibanka.

Zauren ya cika. Ga malamai a gaba, ga 'yan kasuwa da mutanen kamfanoni a tsakiya, ga ɗalibai a baya. Waɗanda suka riga ni magana duk hotuna suka yi ta haskawa a bango suna maimaita kalma ɗaya, haɗin gwiwa, haɗin gwiwa, kamar masu tallar magani. Da aka kira ni na fara jawabin da na shirya, sai na ga kowa ya sunkuya kan wayarsa. Wani a layin gaba ya yi hamma har na hango dasashinsa. Ana cikin haka wani matashi ya ɗaga hannu daga baya, ya ce yana neman afuwa, amma yana son Baba ya nuna musu ko da kejin kaji ɗaya da rubuce-rubucen zamaninsu suka taɓa ginawa. Zaure ya ɗauki dariya.

Ƙanwata, a nan ne shaiɗan ya same ni a tsaye. Na ajiye takardar jawabi na ce a ba ni abin rubutu, na nufi allo. Kin san halin malami: in aka yi masa tambaya, ba ya tsayawa sai wanda ya fi kowa duhun kai a ajin ya gane, kuma tsallake mataki ɗaya a wurinmu abin kunya ne. Na ce bari in nuna muku aikin da ni da ɗana muke yi. Na zana duron, na faɗi irin wutar da ake so da kalar da toka za ta yi kafin a sauke, na rubuta yadda ake tankaɗe, da jiƙon, da awon kowane abu, da wanda ake fara zubawa. Zauren ya yi tsit. Shirun nan na ɗalibai masu sauraro, wanda na yi shekaru ina kewa, shi ne ya bugar da ni. Wayoyi suka tashi sama ana ɗaukar hoton allo, ni kuma, Allah Ya yafe mini, har matsawa gefe na yi don kada in tare musu. Na hango Dakta tana girgiza mini kai, idonta kamar zai faɗo. Na zaci awon ne ba ta yarda da shi ba, sai na koma na sake bayaninsa dalla-dalla. Da na sauka aka yi tafi. Wani mai kyakkyawar kwat daga wani babban kamfanin kayan gini ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya yi mini wasu 'yan tambayoyi, na amsa masa har da ƙari.

Dogo ba ya wurin, ya tafi kai bulo wani gini. A waya ya ga allon, da rubutun hannuna da ya sani tun yana ƙarami. Da yamma ya zo gida, ya durƙusa ya gaida Uwargida, ya tambayi idonta. Na nuna masa kujera bai zauna ba. Abin da ya ce da ni kawai shi ne, Kawu, ai ka ce kai ba yaro ba ne. Bai ɗaga murya ba, ya yi sallama ya fita. Wannan shi ne duk rashin kunyar da aka ce ya yi mini.

Maimakon in yi shiru, sai na bi bayansa da faɗa har bakin ƙofa. Na ce ilimi ba kayan ɓoyo ba ne, mu a zamaninmu da abin da ka bayyana ake auna ka, ɓoye sani aikin bokaye ne. Da na dawo ciki ina huci, Uwargida tana ninke kaya ko kallona ba ta yi ba, ta ce to Malam, tun da ilimi na kowa ne, me ya hana ka manna tambayoyin jarrabawa a bakin titi? Ta ce ba ilimi ka raba ba, yunwar tafi ce ta kama ka, ka ɗauki abincin yaro ka ci. Na so in ce gara lokacin da take da yana, amma na san ba da ido ta ga wannan ba.

Magana zarar bunu ce, ba ta komawa. Lauyar jami'a ta kira Dogo da Dakta ta ce musu kusan komai ya lalace, amma da sauran ƙofa ɗaya ƙarama. In har wanda ya yi maganar yana cikin masu aikin ne, kamar yadda na yi iƙirari a gaban jama'a, to shi ke nan, masu abu sun saki abinsu. In kuwa amana aka ba shi ya ci, ba da izini ya faɗa ba, kuma ya yarda ya tsaya gaban kwamiti ya shaida hakan da bakinsa, to za ta iya gwada shigar da takardun rajistar da sauri. Dogo bai roƙe ni ba. Dakta ce ta aiko mini da bayanin.

Sai ga Sarkin Latti ya sake zuwa, wannan karon da wuri. Ya ce Malam, ka yi tunani. Mutumin da ya amsa cin amana a gaban kwamiti ba zai zauna cikin mashawartan ofishin da jarinsa amana ce ba. Ya ce in na yi shiru abin zai wuce, shi kuma Dogo za a nema masa wani aikin a haɗa shi da shi. Haka jami'a take, kullum tana da wani aikin, kamar shekarun mutum ma ana ba da wasu. Ina so in ce miki na kore shi, amma ban kore shi ba. Na ce zan yi shawara. Na yi kwanaki ina shawarar nan, har na je a ɓoye na tsaya gaban ɗan ɗakin da aka ware mini, ina kallon allon sunana da aka kafa a ƙofa. Na shafa shi da hannu. Ɗan ƙanwata yana can aikinsa yana nutsewa, ni ina nan ina shafa katako. Wannan ya fi abin da na yi a zaure muni, domin a zaure zuciya ce ta ɗebe ni, a nan kuwa da hankalina.

Ina tsaye a wurin Dakta ta fito daga ofishin ta gan ni. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce tun tana ɗaliba ta karanta takarduna, su ne ma suka sa ta zaɓi wannan fanni. Ashe ba gara kaɗai ba ce. Sannan ta ce masu walda da masu haɗa sabulu da ta sha wahala kafin su yarda su zauna da jami'a sun fara janyewa, suna cewa bakin malaman nan rariya ce. Ba ta zarge ni ba, labari kawai ta ba ni, ta wuce. Na ƙare rayuwata ina zagin katangar da ke tsakaninmu da mutanen gari, ga shi da hannuna na ɗora mata sabon layi.

Na je gaban kwamitin. A ɗakin da na saba zama ina yi wa ɗalibai tambayoyi aka yi, sai dai wannan karon ni ne a kujerar da ke fuskantar tebur. Sakatariyar ta ce in maimaita sunana, don ba ta taɓa jin sa ba. Lauya ta tambaya ko an ba ni izini, na ce a'a. Ta tambaya ko na san sirri ne, na ce an gaya mini baki da baki. Ta tambaya ko aikina ne kamar yadda na faɗa a zaure. Na ce abin da na bayar jimla ɗaya ce da ke cikin kowane tsohon littafi, amma ƙone-ƙonen hannu da bulon da aka yi ta fasawa har aka dace, na Dogo ne da Dakta. Wani dattijo a kwamitin ya ce to me ya kai ni? Na ce saurarona suke yi, na kasa tsayawa. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi.

An shigar da takardun. Lauya ta ce kada a yi murna tukuna, don ba ta san inda mai kwat ɗin nan da kamfaninsa suka kai da hotunan allona ba. Allon sunana kuma an cire, sai ramukan ƙusoshi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ban yi ƙorafi ba, ko da yake kin san ni, na yi a zuci.

Yanzu kusan kowace safiya ina zuwa gidan bulon. Sabon bulo yana son ruwa kullum kafin ya yi ƙarfi, ba a yi masa gaggawa, wannan aikin kuwa ko mai ciwon gwiwa zai iya. Ranar farko na ɗauki tiyo ba tare da na tambayi kowa ba. Dogo ya fito ya gan ni, sai ya ce wa wani ma'aikacinsa a ba Kawu takalmin roba kada sanyi ya shiga ƙafarsa. Ya gaishe ni, ya tambayi gwiwa, ya tambayi jaririya. Daga nan ya nufi ɗakin kwaɓi, wanda a da ko labule ba shi da shi. Yanzu ya sa masa ƙofar ƙarfe. Ya shiga shi da Dakta, ya ja ta, na ji ƙarar sakata. Suna gyara haɗin ne, don ya bambanta da wanda na rubuta wa duniya. Ban san abin da suka ƙara ba, ban san abin da suka rage ba. Ina jin ƙarar shebur daga waje, kaina yana ta lissafi, bakina yana ƙaiƙayi, ina ba bulo ruwa.

To ga roƙona, ƙanwata. Ki janye rantsuwarki, ni zan ɗauki nauyin kaffarar. Ki kira ɗanki ki sa masa albarka, domin yana cikin zullumi, kuma fushin uwa a kan wannan nauyin zai karya shi. Kada ki ce ya zo ya durƙusa mini. Kada kuma, don girman Allah, ki ce masa kawu uba ne, ya buɗe mini ƙofar nan. Na san in kika faɗa zai buɗe, don yaro ne mai biyayya, ni kuma ban san abin da zan yi ba in wani zaure ya sake yin shiru dominna. Ƙofar tana daidai. In kina neman wanda za ki yi fushi da shi, ga yayanki nan, ya daɗe bai sha faɗanki ba.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki ce ina tambayar hawan jininsa. Ki gaida Auta da 'yan biyu, da surukarki, da maƙwabciyar nan taki da ta yi jinyarki. Uwargida tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ta karanta takardar nan da sabon idonta, ba ta ga ƙarya a ciki ba, sai dai ta yi tsawo kamar kullum. 'Yarmu da mijinta suna gaisuwa. Ki sa aikin Dogo a addu'a, ni kuma ki roƙa mini Allah Ya ba ni ikon riƙe harshe a ɗan abin da ya rage.

Wassalam. Ni ne naki,

Yayanki, mai ba bulo ruwa